Farantin Mota a Akurkin Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so, da abin da ya same ni a shekarar da aka juya hannun tuƙi a ƙasar nan. Mutane suna tuna shekarar da ruɗanin da aka yi a kan hanya, ni kuwa da dangar bayan gidan surukaina na Kutemeshi nake tuna ta. Zan faɗi abin daki-daki, don ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya.

Na farko, ko ni wane ne. Na gama elementare aka ɗauke ni aikin gadin daji a nan Birnin Gwari. Na daɗe ina kama masu saran itace ba izini da masu cinna wa daji wuta, kuma babu wanda zai ce na taɓa karɓar ko ɓarin goro a hannunsa. Ina son komai ya zauna a wurinsa. Takalmina na dama a dama yake kwana, na hagu a hagu. Da na bar aikin na mayar wa gwamnati kakinta, amma ban mayar da halin ba, ban kuma mayar da faffaɗan bel ɗin fatar da nake ɗaurawa a ƙugu ba. Na sayi wata tsohuwar akori-kura ina jigilar mutane da buhuna tsakanin ƙauyuka da kasuwar gari. Motar nan ita ce gonata, ita ce rumbuna. In ka ɗauke ta, ka ɗauke tuwon gidana.

Motata tana da doka. Ba a hawa sai an gama ɗora kaya. Ba a tofar da goro a ciki. Akuya ba ta shiga sai an ɗaure ta. Fasinjoji suna kirana Soja a bayan idona (ina ji, kuma in faɗi gaskiya, sunan bai taɓa ɓata min rai ba).

Na biyu, yadda motar ta rasa kai. A farkon damina iska ta taso ina cikin daji, na faka a gindin wani babban maɗaci na gudu wata bukka na fake. Da iskar ta lafa na dawo na tarar reshe ya faɗo ya latse kan motar, wato ɗakin da direba ke zama. Inji lafiya, shasi lafiya, bodin baya ko ƙwarzane babu, amma rufi ya sauko har kan sitiyari, ƙofofi sun maƙale. Bulus bakanike, wani mutumin Kakangi da ke da gareji a bakin tasha, shi ya samo min kan wata mota irin tawa wadda injinta ya mutu a wajen Funtua. Mai ita ya sayar mana da kan, muka kawo.

Ranar da za a ɗora sabon kai ban bar Bulus ya sha iska ba. Na shimfiɗa tabarma, duk notin da ya kwance sai na karɓa na jera shi bi da bi, don a mayar da kowanne inda ɗan'uwansa ya fito. Bulus ya ce tun da yake bai taɓa ganin noti ya yi sahu kamar za a ta da salla ba. Ban yi dariya ba. Da aka gama, ina zagaya motar sai na ga wani ɗan farantin ƙarfe a jikin ginshiƙin ƙofar direba, bai kai tafin hannu ba, an kafe shi da ƙananan ƙusoshi, da lambobi a jikinsa duk tsatsa ta rufe. Na tambayi Bulus amfaninsa, ya ce shi inji ya sani, rubutu kuwa sai mu da muka je makaranta. Ni da na je makaranta na dube shi da kyau na yanke hukunci cewa ado ne na masu ƙera mota. Tunda kuwa ado ne, bai kamata ya zauna da tsatsa ba. Na samo toka da lemun tsami na goge shi har sai da na ga fuskata a ciki.

Na uku, kyauta. A nan sai mai karatu na yanzu ya yi haƙuri in yi masa bayani. A wancan lokacin, a wajenmu, mutum ba ya haɗa ido da uwar matarsa. Ni ma tun da na yi aure ban taɓa wuce zauren gidan surukata ba. In na je gaisuwa, tun daga nesa nake cire takalmi, in tsuguna a zaure, a aika ciki. Ita kuma ta amsa daga bayan katanga, wani ya kawo min amsar ko da kuwa na ji ta da kunnena. Ba ta faɗin sunana, ni ma Inna kawai nake cewa. Da za a ce in nuna ta a kasuwa da ba zan iya ba. Muryarta kaɗai na sani.

To, uwar yarana ta faɗa min cewa muzurun daji ya hana Inna sakat, kullum sai ya fasa akurki ya ɗauke mata kaza. Na dubi tsohon kan motar da ke yashe a garejin Bulus, na ce ga akurkin da muzuru ba zai fasa ba. Na ɗora shi a baya na kai Kutemeshi. Mazan gidan suka buɗe dangar baya suka tura shi kusa da rumbu, ni ina tsaye a waje ina ba da umarni. Daga baya na ji an toshe wurin gilashin gaba da laka, an rufe taga ɗaya da zana, an bar ɗayar don kaji su riƙa shiga. Inna ta aiko da godiya mai yawa. Na yi kwanaki ina jin kaina, don ban san wani suruki a duk yankin da ya taɓa yin kyautar akurkin ƙarfe ba.

Na huɗu, ranar da abin ya faru.

Ranar kasuwa ce, an kwana ana ruwa. Na ɗebo fasinjoji da buhunan dawa daga ƙauyukan hanyar Funtua, muna isowa mararrabar da ake ratsewa zuwa Kutemeshi sai ga durom-durom an tare hanya. Saboda juyin hannun nan an baza masu duba motoci har cikin ƙauye. Wani dogo ne da farar riga aka turo daga Kaduna, da motar janwe a fake a gefe. Sauran direbobi suna ganin irinsu tsoro yake kama su. Ni daɗi na ji. Na sauko tun kafin a ce in sauko, na miƙa masa takarduna a jere. Ya duba fitila, ya duba ham, ya duba birki da tayoyi, yana gyaɗa kai. Har ya miƙo min takardun, sai ya buɗe ƙofar direba don ya taɓa birkin hannu. Rana ta bugi farantin nan, ya haske masa ido.

"Wa ya goge wannan haka?"

Na gyara tsayuwa na ce ni ne, ranka ya daɗe.

Ya sunkuya ya karanta. Ya sake buɗe takarda. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota, ya kankare laka a jikin shasi ya karanta lambar da ke can. Da ya miƙe fuskarsa ta canja. Ya ce lambar shasi ta yi daidai da takarda, amma farantin nan sunan wata mota daban yake faɗa. Ashe abin da na ɗauka ado ne, shi ne shaidar mota, kamar tsagar fuska ga mutum. Na ba shi labarin maɗaci da Bulus da mutumin Funtua. Ya ce ya sha jin labarin itace, don duk ɓarawon da ya yanka motar sata ya haɗa da wata, itace yake ɗora wa laifi. In da gaske tsohon kan nawa ne, to yana da nasa farantin mai lamba irin ta shasi. In kawo masa shi kafin ya tashi. Da la'asar sakaliya zai naɗe shingensa, in bai ga faranti ba janwe ta ja motar zuwa Kaduna.

Na san filin da ake ajiye irin waɗannan motoci a Kaduna. Na taɓa wucewa na ga ciyawa ta tsiro a cikin wata har ta fito ta taga.

Fasinjoji suka sauka suka zauna a inuwa. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda na yi wa faɗan goro da safe, ta gyara zama ta ce, "Soja, ashe kai ma akwai mai duba ka." A cikin fasinjojin akwai wani malamin makarantar mishan da ya ɗora kekensa a kan buhuna. Na roƙe shi aro, ya ce birkin baya ba ya ci, na ce na ji. Na zari sukudireba na soka a aljihu na hau.

Hanyar mota zagaye take yi, don haka na yanke ta daji, ta sawun da na sani tun ina gadi. Ruwan daren ya cika rafuka. Wani na tsallake da keke a kafaɗa, wani na faɗa har gwiwa. Ƙudan tsando suka bi ni kamar na ci musu amana. Ina tuƙi ina ɗaga kai ina duban rana, in na ga ta matsa sai in ƙara taka feda, in na taka sai sarƙa ta zame, in sauka in mayar, in sake duban rana. A wata ruga karnuka suka raka ni har bakin fadama. Duk wannan bai hana ni tsara abin da zan yi ba: in isa, in sami wani namiji a zaure, in aike shi ya ciro farantin, in juyo. Abu mai sauƙi.

Na isa bayan azahar na tarar garin shiru. Ruwa ya sauka, kowa ya tafi shuka, maza da samari har da yara. Zauren surukaina ba kowa sai tabarma a naɗe. Na tsaya da takalmi a hannu ina leƙa hanya ko wani zai ɓullo. Ba kowa. Na je gidan maƙwabta, nan ma zaure wayam. Na dawo. Daga ciki ina jin ana motsi da tukunya.

Sai na tsaya na auna abin. In na yi sallama, Inna za ta amsa. In ta amsa, sai an kawo ruwa. Bayan ruwa sai gaisuwa, a tambayi 'yarta da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Bayan gaisuwa sai a kama kaza a yanka, don suruki ba ya zuwa ya tafi da yunwa, kuma suruki ba ya cewa sauri yake yi. Kafin kazar ta nuna, motata ta kama hanyar Kaduna. Wannan ke nan. Sannan da wane baki zan ce wa uwar matata na zo ɓalle wani abu daga jikin kyautar da na yi mata? Ko ta bakin ɗan aike abin da nauyi, balle ba ɗan aike.

A ɗaya gefen kuma, na san inda akurkin yake. Na san dangar baya ta zana ce, kuma tun da aka buɗe ta ba a ɗaure ta da kyau ba. Shiga, ɓallewa, fita. Ba wanda zai gani, ba wanda zai ji kunya.

Na mayar da takalmina na zagaya baya. Ni da na yi shekaru ina kama masu tsallake iyakar gandun gwamnati, na ɗaga zanar gidan surukaina na kutsa a tsugune.

Kan motar yana nan kusa da rumbu, ya yi fari da kashin kaji. Tagar da aka bari ta ɓangaren fasinja ce, rufin ya lotsa ta ta zama kamar bakin tulu, farantin kuwa yana can ɗaya gefen. Na cusa kai. Na cusa kafaɗu. Na ja ciki na tura har ƙugu, ƙafafuna suna reto a waje. Ciki duhu, ga zafi, ga wari irin wanda ba zan kwatanta ba don wataƙila mai karatu yana cin abinci. Na miƙa hannu na lalubo ginshiƙi, na ji farantin a ƙarƙashin yatsuna. Na soka sukudireba na dinga lanƙwasawa a hankali, ba damar bugawa. Ƙusa ta farko ta saki, ta biyu ta saki, farantin ya faɗo a tafina. Na yi hamdala a zuci.

A lokacin ne idona ya saba da duhu, na ga ba ni kaɗai ba ne. A daidai inda kujerata take a da, wata jar kaza tana kwanci a kan ƙwai. Ta yi min irin kallon da nake yi wa fasinjan da ya hau kafin kaya. Na yi ƙoƙarin ja da baya a hankali. Ta sare ni a goshi. Ta yi wani kuka, zakara ya karɓa daga waje, sauran kajin gidan suka ɗauka gaba ɗaya. Na cusa farantin a baki na cije, na kare idanuna da hannu biyu, na tura jikina baya da ƙarfi. Kan bel ɗina ya sarƙe a lanƙwasar ƙarfen taga. Gaba ba hanya, baya ba hanya.

Sai na ji taku. Sai na ji muryar da na sani.

"To, yau Allah ya haɗa mu. Ashe muzurun nawa da takalmi yake yawo."

Muciya ce. Na gane ta ne da ɗuminta, don daga tukunya aka zaro ta. Ta sauka a inda Allah ya sa ya fi kusa da ita, kuma a wannan hali abin da ya fi kusa da ita sananne ne.

Ko a nan ban daina tunani a jere ba. In na yi magana, za ta gane muryata, ta san surukinta take duka. In na yi shiru, za ta ci gaba. Na auna biyun na zaɓi shiru (farantin da ke bakina ma ya taimaka wajen yanke wannan shawara). Gaba jar kaza, baya Inna. Kuma dole in faɗi wani abu don adalci: matar nan tana da tsari. Dama, hagu, dama, hagu, ba ta maimaita wuri sai ta gama zagaye. Tana yi tana lissafa kajin da ta rasa da kamanninsu, wake-wake da baƙa da mai tukku, kowacce da nata rabon. Ban taɓa ganin girmanta kamar a wannan lokacin ba.

Kukan kaji ya jawo matan maƙwabta da ba su je gona ba. Ina jin su suna shawara a kaina. Wata ta ce a bar shi a haka har maza su dawo. Wata ta ce ɓarawon nan ɗan gayu ne, a dubi yadda takalminsa ya sha mai duk da laka. Wata kuma, Allah ya yafe mata, ta ce ai akwai ruwan zafi a kan murhu. Da na ji zancen ruwan zafi na fara harba ƙafa. Suka ce yana neman gudu, suka kama ƙafafuna, biyu nan biyu can, suka ja. Bel ɗin gwamnati da ya yi min hidima tun ina saurayi ya tsinke. Na fito gaba ɗaya kamar an zare toshiyar tulu, na zube a tsakiyarsu.

Har kajin suka yi shiru.

Na ɗago. Gashin kaza a gemuna, gwaiduwar ƙwai tana gangarowa daga hulata, ƙarfe a bakina, hannu ɗaya riƙe da wando. A gabana wata 'yar gajeruwar mata fara, da muciya a sama. Ranar na fara ganin fuskar uwar matata. Ba ta san fuskata sosai ba ita ma, sai da wata daga cikin matan ta dafe baki ta ce a hankali, ai mijin 'yarki ne.

Jikina ya yi abin da ya saba tun kafin in umarce shi. Na tsuguna (da ƙyar), na cire hula, na sunkuyar da kai, na buɗe baki in ce ina wuni. Farantin ya faɗi ƙasa ya yi ƙara. Inna ta saki muciya, ta ja gefen zanenta ta rufe fuska, ta yi ta ja da baya har ta shige ɗaki ta saki asabari. Matan suka juya min baya, kafaɗunsu suna rawa.

Da haka za mu tsaya har magariba, ni a tsugune ita a ɗaki, ba don Kaka Dije ba. Kakar matata ce, tsohuwa tukuf, kuma al'ada ta ba ta damar tsokanata yadda ta ga dama, don a wasa ni mijinta ne. Ta fito tana dogara sanda, ta zagaye ni tana duba, sannan ta ce, "Angona, in zance ka zo ai ɗakina ga shi can. Me ya kai ka ɗakin kaji?"

Na yi mata bayani ina kallon ƙasa, a taƙaice, ina satar kallon inuwar rumbu da ta fara tsawo. Ta juya ta fuskanci asabari ta maimaita duk abin da na faɗa da ƙarfi, kamar Inna tana wani gari. Sannan murya ta fito daga ɗaki, ƙasa-ƙasa. Kaka ta saurara, ta juyo.

"Ta ce ka yi haƙuri. Ta ce ba ta taɓa ganinka ta wannan ɓangaren ba, shi ya sa ba ta shaida ka ba."

Wata daga cikin matan ta ruga bayan rumbu da zane a baki. Na ce a faɗa wa Inna ba komai, laifina ne. Aka kai, aka dawo da amsa: ba zan fita gidan nan ban ci abinci ba, yanzu za a kama kaza. Abin da na tsallake danga don in guje masa shi ne ya same ni a tsakar gida. Na roƙi Kaka, na ce ta dubi Allah ta dubi rana. Ta ja min rai iya son ranta, ta ce sai na yi alkawarin turmin atamfa da salla, sannan ta shiga ɗaki suka yi ƙus-ƙus. Aka daidaita a kan cewa kazar za ta bi ni da ranta. Jar nan aka so kamawa, Kaka ta ce a bar ta, ta riga ta yi nata aikin. Aka ɗaure wata baƙa aka rataya a ƙahon keke. Aka ba ni igiyar rama na ɗaure wando. Na fita ta ƙofar gida, ta zauren da na guje wa.

Komawar a tsaye na yi ta, don sirdi ya haramta gare ni. Rana ta yi ƙasa, rafuka ba su ragu ba, kaza tana kuka a kowane gargada. Ina fitowa titi na hango an kwashe durom ɗaya, direban janwe yana warware sarƙa a gaban motata. Birkin baya ba ya ci, kamar yadda aka faɗa min, don haka wani buhun dawa da aka sauke daga motar ne ya tsayar da ni.

Na miƙa farantin. Mai farar riga ya karɓa da yatsu biyu, ya kai kusa da hanci, ya nisantar, ya goge shi da ciyawa. Ya durƙusa ya gwada da lambar shasi. Ya gwada da takarda. Ya gyaɗa kai. Sai kazar ta yi kuka.

Ya dubi kaza, ya dube ni. Ya ce mutum ya tafi neman ƙarfe ya dawo da kaza, shi ya san ma'anar wannan. Miƙa wa ma'aikaci abu a bakin aiki laifi ne da ya fi na faranti, kuma a kansa kaɗai yana iya jan motar. Ni da ban taɓa karɓar goron kowa ba, yau ni ake tuhuma da ba da kaza. Na rantse ba tasa ba ce. Ya ce to ta wace ce, daga ina, kuma me ya sami bel ɗin da na tafi da shi, me ya fasa min goshi. Fasinjoji suka taso suka kewaye mu. Direban janwe ya tsaya da sarƙa a hannu yana jira.

Na dubi motata. Na dubi sarƙar. Na ce, "Ranka ya daɗe, na farko..."

Na faɗa masa duka, bi da bi, don ban iya faɗin abu wata hanya ba. Zaure, danga, taga, jar kaza. Ya daure har muka zo kan muciya, daga nan ya juya ya fuskanci daji ya daɗe yana duba wani abu a can. Mai daddawa ta ce ba ta ji wajen dama da hagu da kyau ba, a maimaita. Malamin mishan ya zauna a kan buhu yana share hawaye. Da mai farar riga ya juyo, ya miƙo min takarduna da farantin ba tare da ya dube ni ba. Ya ce in sa Bulus ya kafe shi a inda ya dace, in kuma je ofis a Kaduna a rubuta cewa an canja wa motar kai. Ya ɗaga wa direban janwe hannu, aka naɗe sarƙa.

Na ninka buhu na ɗora a kujera, na tuƙa mu zuwa gari a karkace. Ranar an tofar da goro a motata, ina gani ta madubi, ban ce uffan ba. Kafin kasuwa ta zagayo labarin ya kai Saminaka, kuma ba zan iya zargin kowa da yaɗa shi ba, tunda da bakina aka fara jin sa. Uwar yarana ba ta taɓa tayar min da zancen ba. Ta dai dafa ruwan zafi da daren ta ajiye da tsumma a bakin ƙofa, ta koma ɗaki, na ji ta cusa fuska a matashi. Ni da Inna kuwa muka koma yadda muke, ni a zaure ita a bayan katanga, sai dai gaisuwarmu ta ƙara gajarta.

Abin da na koya guda biyu ne, kuma zan faɗe su a jere. Na ɗaya, duk wanda zai canja wa mota kai, ya ciro farantin tsohon kafin ya yi kyauta da shi, kada kuma ya goge abin da bai san amfaninsa ba. Na biyu, kunya abu ce mai kyau, ban ce a bar ta ba. Amma in ƙaramarta ta tare ka a ƙofar gida, ka tsuguna ka sha ta a nan. In ka zagaya, babbar tana bayan danga tana jiranka, kuma ita da muciya take zuwa.